Layin da Ba a Goge Ba

Torino, 7 ga Oktoba

Zuwa ga Donata, 'yar Canio,

Gaisuwa mai yawa tare da ta'aziyya. Ina fata ke da mahaifiyarki Incoronata kuna lafiya, gwargwadon lafiyar masu makoki. Allah ya ji ƙan Canio, ya ba ku haƙurin rashinsa. Ni dai ina nan, shekara tamanin da ɗaya, gwiwa tana ƙara, kunne kuma ya yi ritaya kafin ni, shi ya sa na rubuto maimakon in buga waya.

Ni ce Ermelinda. Kin san ni, ko da a matsayin sunan da ba a faɗa a gidanku. Mahaifiyata da kakarki Rosaria 'ya'yan wa da ƙani ne, da na zama marainiya ita ta ɗauke ni, muka tashi da ubanki a ɗaki ɗaya muna faɗa a kan ɓawon burodi. Rabona da ke tun ranar aurenki.

Shekaranjiya a kasuwa wata 'yar garinmu mai sayar da cuku ta tare ni, ta kusa cusa min wayarta a hanci. Hoton takardar rasuwar Canio ne, an manna ta a allon da ke gefen ƙofar babban coci. Na bi masu sanarwa ɗaya bayan ɗaya: matarsa, 'ya'yansa, surukai, jikoki. A layin ƙarshe sai ga sunana. Na zauna a kan akwatin lemu na yi kuka, har mai lemun ya ba ni guda biyu kyauta don in tashi masa.

Kin san tun rasuwar Inna Rosaria, da ban zo jana'iza ba, ubanki ya yanke ni. Da ƙanensa ya rasu ba a sa ni a takarda ba, kuma a garinmu Acerenza wanda ba ya kan takarda ba ya cikin dangi, ko yaro ya san haka. Yanzu ga ni a bango. Na gode, Donata. Na gode wa duk wanda ya sa aka rubuta.

Ina da roƙo guda. Ina so in zo in ga kabarin matar da ta raine ni, in zauna a kicin ɗinta ko na wuni ɗaya ne, kafin ƙafa ta ƙi ni gaba ɗaya. Ba zan zo in tsaya a otal kamar 'yar yawon buɗe ido ba. In an buɗe min ƙofa zan zo, in ba a buɗe ba ki faɗa min, ba yau na fara jin a'a ba.

Taki,
Ermelinda


Acerenza, 30 ga Oktoba

Gwaggo Ermelinda,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata kuna lafiya. Na ga ta'aziyyarku, na gode, Allah ya saka. Ku yafe min jinkirin amsa. An koma makaranta, ina da aji cike da 'yan shekara tara, ga baƙin makoki, ga tsinkar zaitun ta kama kuma bana babu Baba a gona. Mama tana nan, ta rame, ba ta son cin komai sai romo. Kullum da yamma tana saka baƙar rigarta ta hau makabarta, iska ko ba iska.

Baba bai sha wahala sosai ba. Mako biyu ya yi a asibitin Potenza, aka dawo da shi gida, ya cika a gadonsa. An yi jana'iza da mutane da yawa, cocin ya cika har waje. Maƙwabta sun yi mana abin da aka saba, kwana uku ba mu hura wuta ba, kwanukan abinci har ba mu san na wa za mu mayar wa wa ba.

Game da takardar, Gwaggo, kun san yadda ranar rasuwa take, kowa kansa ya ɗau zafi. Ba mu ne muka zauna muka tsara ta kalma-kalma ba. Gaskiya copincolla ce kawai, irin wadda nake hana ɗalibaina yi. Ina fata kun gane abin da nake nufi.

Maganar zuwa kuma, sanyi ya fara, hanyar nan kun san ta. Mu bari mu ga yadda hunturu zai kasance.

Ku gaishe min da maigidanku, Kawu Ottavio. Har yanzu ina da agogon bangon da kuka ba ni ku da shi ranar aurena, yana gudu kaɗan amma yana aiki.

'Yarku,
Donata


Torino, 6 ga Nuwamba

Donata 'yata,

Na gode da amsa, na ji daɗinta ƙwarai. Lafiyata lau, ban da gwiwar da na ambata. Ki ce wa Incoronata romo ba abinci ba ne, ta fasa ƙwai a ciki. Kuma don Allah ki daina ce min "ku". Duk sanda na karanta sai na waiga in ga ko akwai wasu a ɗakin.

Kin taɓo min inda yake min ƙaiƙayi da kalmar nan taki. Shekara arba'in na yi a kamfanin buga ƙamus, ina farautar kuskure, kuma ina nan zaune ranar da copincolla ta fara ƙwanƙwasa mana ƙofa. Na ce kada a bar ta ta shiga. Na ce kalma ce mara kunya, an ɗauko umarni biyu na kwamfuta daga Turanci, an juya su zuwa namu, copia da incolla, kwafa da manna, sannan masu gaggawa suka haɗiye abin da ke tsakani suka liƙe su wuri ɗaya. Samarin ofis suka yi min dariya, suka ce to ai kalmar ta yi wa kanta abin da take faɗa. Aka kayar da ni. Yanzu har ni ina faɗarta, in ba kowa kusa.

Amma iyayenta masu mutunci ne, kada ki raina su. Copia a bakin Rumawan dā yalwa take nufi, wadata, abu ya yi yawa har a ba wani. Daga baya ta koma kan rubutu, don wanda ya kwafe littafi ya yalwata shi, abin da mutum ɗaya ke da shi ya zama na biyu. Colla kuwa gam ne, daga Girkawa muka gada, irin wanda kafinta ke dafawa yana wari. Ki faɗa wa 'yan ajinki wannan, wataƙila su ji kunyar yalwata aikin wasu.

Ni da hannuna na yi wannan aikin tun babu kwamfuta. Ranar da na fara, abin da aka ba ni almakashi ne da kwalbar gam da buroshi. Sai a yanko bayani daga tsohon bugu, a shafa masa gam, a manna a sabon shafi, a danne da tafin hannu. Da yamma in hau tarago yatsuna suna manne da juna, in kasa fito da tikiti. Abin da na koya a wannan teburin shi ne ba abin da ke zuwa sabon shafi da ƙafarsa, sai an ɗauko shi. Ko an ɗauko shi da niyya, ko an ɗauko shi da barci a ido, wani ne dai ya ɗauko, kuma in gam ya bushe sai a yi haƙuri da shi.

Kin ga tsufa, an tambaye ni ba komai na ba da lacca. Na je tasha na tambayi jiragen ƙasa. Akwai wanda zai kai ni Foggia, daga nan in canja. Sanyi ba ya ba ni tsoro, a Torino nake.

Taki,
Ermelinda


Acerenza, 15 ga Nuwamba

Gwaggo,

Ina gaisuwa, ina fata gwiwa ta yi sauƙi. Mu muna lafiya. Mama ta yarda da ƙwan, amma ban ce mata daga wurinki shawarar ta fito ba, don har yau ba ta san muna rubutu ba.

Na karanta wasiƙarki sau uku, na ga ba ki gane ni ba, kuma laifina ne da na yi ta kewaye-kewaye. Kafin ki sayi tikiti gara in faɗa miki a fili, ko da za ki tsane ni.

Baba bai ce a sa sunanki ba. Bai ambace ki ba, a asibiti ko a gida. Ranar da ya cika na kira mai maɗaba'a ina kuka, na ce ya yi mana takarda irin ta Kaka. Shi kuma ya buɗe kwamfutarsa, ya nemo tsohuwar takardar Kaka Rosaria, ya kwafe ta ɗungurungum, ya canja suna da hoto da kwanan wata, ya gyara 'ya'ya da jikoki. Layin ƙarshe bai kai kansa ba. Ban duba ba, ba wanda ya duba. Kafin mu farga mai manna takardu ya zagaye gari da bokitinsa na gam.

Abin da ya biyo baya shi ya ɗaure min baki. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya riƙe hannun Mama ya ce Canio ya yi kyan kai, ya tafi da zuciya fara, ya yafe wa 'yar'uwarsa. Wanzaminsa har da hawaye. Fada, limamin cocinmu, shi ma ya sa abin a wa'azi, ya ce mu yi koyi. Muna zaune a bencin gaba, na saci kallon Mama, ta kafe idonta a kan akwatin gawa ba ta ko motsa ba. Har yau ban iya tambayarta a kai ba.

Ina son Babana, Gwaggo, amma na san shi. In ya rufe ƙofa, makullin yake jefawa a rijiya. Ba zan bari mace mai shekarunki ta ratso ƙasar nan tun daga sama har ƙasa a kan yafiyar da ba a yi ba. Wasiƙarki ta fari ta sa ni kuka, ta biyu ta sa ni dariya, kuma tun rasuwar ban yi dariya ba sai ranar. Na gode da wannan. Ki yafe min.

Donata


Acerenza, 18 ga Disamba

Gwaggo,

Ina fata kina lafiya. Wata guda ke nan ban ji daga gare ki ba, kuma na san dalili. Ba na neman amsa. Ga ɗan kwali na ba direban bas ɗin Torino, man zaitun ne na bana da busasshen barkono da taliyar da na murza da kaina, kada ki duba siffarta. Ku ci ke da Kawu Ottavio a bikin Kirsimeti. In kin ga dama ki mayar da kwalin yadda yake, zan fahimta.

Donata


Torino, 14 ga Janairu

Donata 'yata,

Gaisuwa da fatan kun shiga sabuwar shekara lafiya. Ki dubi rubutun nan kamar kaza ta bi ta kan takarda, ki san ba fushi ya hana ni amsa ba. Na zame a matakala washegarin da wasiƙarki ta iso, na karya hannun dama. Jiya aka cire min filasta. Kwalinki ya iso, maƙwabcina ya hau min da shi. Barkonon ya ƙare tun kafin shekara ta ƙare, taliyar kuwa mummuna ce kamar yadda kika ce, kuma rabon da in ci mai daɗinta tun Inna Rosaria na da rai.

Kin ce ban gane ki ba. Haba Donata. Mace ta yi shekara arba'in tana cin abinci da kuskuren mutane, a ce ba ta gane takardar da aka kwafa ba? Tun a kasuwa na sani, wayar tana hannun mai cuku. Layin cewa ya yi "da Ermelinda da mijinta Ottavio, daga Torino". Ottavio ya rasu, 'yata. Ranar sha biyu ga Fabrairu mai zuwa zai cika shekara goma sha ɗaya.

A makon da Inna Rosaria ta rasu jini ya bugar masa a kai, ya faɗi a kicin. Ina asibiti aka kira ni da labarinta. Na aika furanni, na kira ubanki in yi masa bayani. Ya ce, "Matar da ta share miki majina, furanni za ki aiko mata?" Ya ajiye waya. Ni ma jinin gidan ne a jikina, ban sake kira ba. Ottavio ya yi shekara biyu a kwance ba ya magana, ina juya shi ina ba shi abinci a baki, sannan ya tafi.

A nan ba a manna mutum a bango. 'Yan layuka ne a jarida, tsakanin tallan gidaje da sakamakon ƙwallo. Ba mu cika benci biyu a coci ba. Na dawo gida na cire takalmi, na kunna wuta na dafa wa kaina shinkafa, don ba wanda zai ƙwanƙwasa da kwano a hannu. Wannan shinkafar ta fi komai yi min ciwo, har yau ba na son farar shinkafa.

To ki gane abin da na gani a wayar nan. Na ga mijina a tsaye kusa da ni, cikin masu rai, a ƙofar cocin garinmu. Shi ne kukan da na yi a kan akwatin lemu. Godiyar da na rubuto miki ba ƙarya ba ce, kuma ki miƙa wa mai maɗaba'ar rabonsa, malalacin banza, Allah ya yi masa albarka. Sauran kuwa dabara ce ta tsohuwa. Na ga iska ta buɗe ƙofa, na ce bari in sa ƙafa kafin masu gida su lura.

Kin lura, kin kuma faɗa min gaskiya alhali shiru ya fi miki sauƙi. Na gode. Ba zan zo ba, ba na shiga gida da kuskuren ɗab'i. Amma in ba zai dame ki ba, ki ci gaba da rubuto min. Ranar da wasiƙarki ta zo har gaishe da mai kawo ta nake yi.

Taki,
Ermelinda


Acerenza, 3 ga Fabrairu

Gwaggo,

Ina gaisuwa, sannu da hannu, Allah ya ƙara sauƙi. Muna lafiya, dusar ƙanƙara ta rufe mu kwana biyu amma an buɗe hanya. Na ba direban bas wannan don kada gidan waya ya ɓata mana lokaci. Akwai takarda a naɗe a ciki, ki karanta wasiƙar tukuna kafin ki warware ta.

Sau biyu na aika wa mamaci gaisuwa, har da taliya. Na rasa inda zan sa kaina don kunya. Na kasa riƙe abin ni kaɗai, na zaunar da Mama a kicin na karanta mata wasiƙunki duka, tun daga ta fari. Wajen maganar gam ta yi tsaki, ta ce har yanzu Ermelinda ba ta daina koyar da mutane abin da ba su tambaya ba. Da na kai wajen shinkafa sai ta ce in tsaya. Ta tambaye ni ko da gaske ba wanda ya kai miki ko romo, na ce haka kika rubuta. Ta tashi ta ɗauko mayafinta.

Na ce mata Baba fa? Ta ce, "Ubanki ya tafi da taurin kansa, Allah ya ji ƙansa. Ni ban tafi ba tukuna."

Maɗaba'a muka je. Mutumin ya ganmu ya fara ba da haƙuri, yana zaton ƙara muka kawo. Mama ta ja kujera ta zauna a bayansa, ta ce ya buɗe farin shafi, fari fat, in ta ga ya taɓa tsohuwar takardar wani za ta karya masa yatsa. Ta yi ta faɗa yana bugawa harafi-harafi, gumi yana keto masa cikin wannan sanyin. Sau uku ta sa ni karantawa da ƙarfi kafin ta yarda a buga.

Jiya da safe aka manna. Mai bokitin sai da ya riƙa ɗumama gam ɗin a shagon kofi don yana daskarewa. Tana ƙofar coci, tana dandali, tana gefen famfon unguwarku ta dā. Mutane suka taru suna karanta shekarar rasuwar Kawu Ottavio, suna cewa maɗaba'ar nan ta yi kuskure. Mama ta tsaya a dandali da sandarta tana gaya wa kowa ba kuskure ba ne, mu ne muka makara.

Yanzu ga matsalar da kika jawo mana. Ranar sha biyu ga wata za a yi wa Kawu Ottavio addu'a a babban coci. Tun jiya mutane suke zuwa gaisuwa, su shigo su cire hula, su rasa hannun wa za su kama. Mama ta ajiye kujera kusa da tata, tana ce musu matarsa tana hanya. Matan layinmu sun riga sun raba kwanaki uku a tsakaninsu, wa zai kawo romo, wa zai kawo nama, suna tambayata ko kina cin yaji. Ban san me zan ce musu ba, Gwaggo. Ki faɗa min.

'Yarki,
Donata


Torino, 6 ga Fabrairu

Donata, da ke Incoronata, don na san kina saurare,

Ina lafiya. Na warware takardar a kan tebur, na danne kusurwoyinta da kofuna, na ɗauko gilashin ƙara girman rubutu na bi ta layi-layi. Ban sami kuskure ko ɗaya ba, abin har ya ɗan ba ni haushi. Na ga sunansa da manyan baƙaƙe. Na ga nawa a layin farko, naku a ƙarƙashi, ku duka har jikoki. Ban san yadda ake gode wa irin wannan ba, duk da ƙamus ɗin da na yi rayuwata a ciki. Na gode.

Direban nan naku ya ce zai ajiye min kujerar gaba saboda gwiwa. Zan iso ranar Talata da safe, wani ya tare ni a dandali, ba na iya jan akwati da hannun nan.

Ki gaya wa matan ina cin yaji. Su kawo duk abin da suka dafa, ban da farar shinkafa. Ban taɓa cin abincin makokin mijina ba, kuma ina jin yunwa.

Taku,
Ermelinda